Ƙusa a Ƙirjin Hidaya

"Gwaggo, ki ji tsoron Allah!"

"Shi nike ji, shi ya sa na hwaɗi! Ƙusa a ƙirji, ƙusa a ciki, ƙusa a maƙoshi. Da idona na gani, ba a kasuwa aka ba ni labari ba."

Saudatu ke nan, autata mai aure a Tibiri. Ta ci ɗamara da mayafi a tsakar gida, ko takalmi ba ta cire ba. Jikata Hidaya na durƙushe a bakin rariya, hannu duk kumfa, hawaye na zuba cikin kwanon wanke-wanke. Ubanta na tsaye bakin ɗakinsa da hula a hannu. Ni kuwa ina kan tabarmata ina ɓare goro, kunnuwana duka biyu a waje.

Ku da kuke karanta ni a waya, bari in zaunar da ku kafin ku rikice. Sunana Tsahara, gidanmu na unguwar Zariya a Maraɗi. Uban Hidaya ɗana ne na fari, bakina bai taɓa kiran sunansa ba, amma hannu ba shi da kunya: Mamman Lawali, mai shagon kayan gini a Sabon Gari. Shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki, bayan rigimar tazarce, shi ma ya tsaya neman kujerar konseye, wato kansila. Tun ba a kaɗa ƙuri'a ba nake ce masa Konseye, don in ga yadda yake gyara tsayuwa.

Wanda ake rigimar a kansa kuwa Bawa ne, ɗan Jiratawa, mai zuba mutum-mutumi da tagulla. Ya kawo kaya, akwatuna na jere a ɗakina, an sa rana sai bayan zaɓe. Da ƙyar Konseye ya yarda tun farko. Abin da ya tausasa shi, yaron na sahun gaba a masallaci, kuma an taɓa nuna shi a telebijin.

"Sake hwaɗi, a hankali," in ji Konseye.

Saudatu ta gyara murya. Abin da take so ke nan.

"Yaya, wancan mako na tahi Jiratawa sayen zogale. Na ce bari in leƙa surukinmu. Ban yi sallama ba, na tsaya jikin danga. Sai ga shi zaune da wata 'yar tsana ta kakin zuma bisa cinya, tsawonta kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa. Fuskar ɗiyarka ce sak, har wushiryar. Yana ɗaukar ƙusa yana soka mata, yana murmushi."

"Aikinsa ne haka, Baba!" in ji Hidaya.

Saudatu ta ce, "Aikin boka ma aiki ne. To tun yaushe yarinyar ga ke kukan ƙirji?"

Gaskiya ne, Hidaya ta kwana biyu tana dafe ƙirji, tuwo sai ta tsakura ta ture. Na san amaren yanzu duk ramewa suke yi da gangan don leshi ya zauna, amma ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Ni a bakin Gulbi na girma. Na ga abin da ake binnewa a mararraba, na san dangin Bawa na wajen uba har gobe akwai masu yanka wa iskoki jan zakara a gindin tsamiya.

Saudatu ta ƙara itace. "Tani mai fura ta garinmu, da ya zuba siffarta, tana ina yau?"

"Gwaggo, Tani ta haura tamanin!"

"Da can ba ta haura ba? Mi ya hana ta mutuwa sai da ya yi ta?"

Konseye ya kifa hularsa a kai. "Ni dama abin ya ishe ni. Jiya a wurin miting yaran wancan parti suna bin motata suna kiran surukin mai gumaka. Juma'a in an sauko masallaci a mayar musu da akwatunansu. Na gama."

Hidaya ta buɗe baki, ya ɗaga mata yatsa, ta rufe.

To ni ɗaki ɗaya muke kwana da ita, kuma na san inda take ɓoye salularta: cikin rigar matashin kai, ɓangaren bango. Da ta ɗauki bokiti ta shiga wanka, na sa tabarau. Kada ku dube ni haka. Karatun yaƙi da jahilcin da na yi, in bai yi mini amfani a irin wannan rana ba, yaushe zai yi?

Saƙon Bawa na farko ya ce: "Bonjur gimbiya. Ya ƙirjin? Ki daure ki ci abinci."

Na ce uhm. Mai soka ƙusa yana tambayar ƙirji.

Na biyu: "Ki aiko min ɗankwalin da kika ɗaura ranar sunan nan, mai ruwan ƙwai. Kada ki wanke, kada ki warware ɗaurin."

Ita kuma marar wayo ta amsa: "To. Amma kada kowa ya gani."

Ɗankwalin da ba a wanke ba! Jama'a, ko yaron goye ya san wa ke neman tufar da gumin mutum ke jiki. Na danna na ƙarshe, na ranar ne: "Ta bushe sarai. Gobe da safe za ta shiga wuta."

Na mayar da salular, na juya matashin yadda na same shi. Da ta shigo tana tsane kai, ta tarar da ni ina jan carbi kamar ba ni ba.

Da gari ya waye na ɗaura atamfata mai ganyen kuka, na yafa farin mayafi, na ƙulle 'yar layata a bakin zani. Na ce wa mutanen gida zan je gaisuwar mutuwa. A Maraɗi ba a rasa mutuwar da za a je wa. Na tare kabu-kabu a bakin gudro, wato titin kwalta, na ce Jiratawa, kuma in ya kayar da ni sai ya aure ni.

Wurin aikin Bawa wata rumfa ce a bayan garka, ruwa na gudu a kwalbati ta gefenta, zogale ya yi kore har ido ya gaji. A bakin rumfar an tara tsofaffin kawunan famfo da kwaɗuna da mariƙan ƙofa, tsibi guda. Na sa kai ciki da bisimilla, sai na ga jama'a, duk na tagulla.

Ga mace ta sunkuya tana goyo, ta cije bakin majanyi da haƙori. Ga tsoho ya dogara da hauya yana duban sama, kamar mai lissafin hadari. Ga wata ta ɗaga yatsa mai tawadar zaɓe, ta karkata baki, ba ka sani ba murna take ko raini. A kusurwa kuma wata ta kife tiya tana bubbuga gindinta, ba ko ƙwaya. Wannan na san labarinta, Hidaya ta cika mini kunne da shi: shekarar yunwa ya yi ta, ita ta fitar da sunansa. Daga yaron da ke gina shanun laka a bakin Gulbi, ya koma hura wuta wajen masu zuba tukwane a Sabon Gari, ya tafi Wagadugu ya koyo tagulla, sai ga wannan mata mai tiya ta kai shi Yamai da Dakar, har ƙasar Faransa.

Ina juyawa na yi ido huɗu da Tani mai fura. Ludayi a hannu, kai a karkace, yadda take yi in za ta rage maka nono. Wallahi sai da na ce "Sannu, Tani" kafin hankalina ya dawo. Na taɓa layata.

"A'a! Amaryata ce da kanta?"

Bawa ne ya fito daga bayan rumfa, dogo, baƙi, riga duk ƙunar tartsatsi. Ya durƙusa har ƙasa.

"Wace amaryar taka? Na fita gidanka tun jiya. Ina ka kai mini jika?"

Ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Gwaggo Saudatu ce ko? Na ga gefen mayafinta ran nan."

"Ba tambayarka na zo amsawa ba."

Ya kai ni baya. An haƙa rami an cika da gawayi, wani tsoho mai suna Kabo, ƙanen ubansa, yana juya ƙafar keke da aka haɗa da bututu tana hura wutar. A tsakiyar garwashin ga wani dunƙulen laka kamar ƙaton rogo, an kife shi, bakinsa na ƙasa.

"Tana ciki," in ji Bawa.

Na yi salati da ƙarfi. Kabo ya yi dariya da haƙoransa uku. "Hajiya, zamna. Wuta ba ta cin baƙo."

Bawa ya ɗauko wani aikin da ya lalace, ya nuna mini cikinsa. "Kaka, duba. Ciki laka ce. Bisa lakar nike shafa kaki in fitar da fuska da tufa. In na gama sai in sake rufe ta da laka mai kashin jaki. Wuta za ta narkar da kakin ya fita, ya bar gurbi, tagulla ta shiga gurbin. To in kakin ya fita, mi zai riƙe lakar ciki kada ta faɗi ta toshe? Ƙusa. Iyakarta ke nan."

"Sai a ƙirji?"

"Nan ne mai faɗi."

"Ɗankwalin fa?"

Ya ɗago kai da sauri. Ya gane inda na samo, na gane ya gane. Ya shiga ya fito da shi a kan wata ƙwarya da aka kife, ɗaurin na nan yadda ta cire shi.

"Ba wanda ke ɗauri irin nata. Yana zamewa hagu, kunne ɗaya a waje. In an wanke, ya tafi."

Na karɓe, na sansana ciki da waje ina neman turaren da na sani. Man kitsonta kawai na ji, da hayaƙi. Na cusa shi a jaka duk da haka.

Can sai kakin ya fara ɗiga ta bakin dunƙulen, yana bin wani ƙarfe zuwa cikin kwano, ruwan zuma-zuma. Na tsaya ina kallon hancin jikata da wushiryarta suna zama ruwa.

"Wannan ina za shi?"

"In ya daskare in yi wani aikin da shi."

"Ka yi wata mace da jikin Hidaya? Miƙo nan."

Kabo ya kusa faɗowa daga kujera don dariya. Ban kula shi ba, na rungume kwanona.

Da lakar ta yi ja, suka ciro ta da awartaki suka tsayar a cikin rairayi, baki sama. Bawa ya ɗauko tukunyar da kawunan famfon nan suka narke a ciki, ya karkata. Ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba, kamar an tsiyayo rana. Duk surar da na iya sai da na karanta, har da waɗanda nake haɗa kansu da gindin wasu.

"Sai ta huce in fasa," in ji shi, yana share gumi.

"Ba nan za ka fasa ba. A gaban ubanta, yau bayan la'asar."

Nan fuskarsa ta sauya. Wanda ya amsa mini maganar ƙusa ba ko ƙifta ido, sai ga shi yana sosa ƙeya.

"Kaka, wannan ba ta nuni ba ce. Tata ce, ta cikin ɗakinta."

"Mi ke cikinta da ba ka so a gani?"

Ya kawar da kai gefe.

"To zamna da abinka. Juma'a akwatunanka na nan tafe."

Ya koma gefe ya danna salula. Ba a jima ba ta yi ƙara. Ya karanta, ya daɗe yana duban gilashin, sannan ya sa a aljihu ya ce, "To. Zan zo."

Duk hanyar komawa ina bayan kabu-kabu da kwano a cinya, zuciyata na cewa: maganar ƙusa dai ta fita, amma akwai saura.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Konseye ya zauna a kujerar roba, ya harɗe ƙafa, fuska kamar an aiko masa da sammaci. Saudatu ta zauna nesa, inda in abu ya fashe ba zai same ta ba. Maijidda, uwar Hidaya, ta tsaya bakin madafa da muciya a hannu. Hidaya ta fito cikin doguwar riga ruwan toka da hijabi har gwiwa, ta zauna kusa da ni. Ko kallona ba ta yi ba. Matashin kai ya ba da ni, na sani.

Bawa ya cire takalmi tun daga zaure. Ya ajiye dunƙulen a kan buhu, ya gaida kowa da sunan girmansa, ya ɗauki 'yar guduma. Ƙwas. Ƙwas. Laka ta dinga zubewa. Abin da ya fito baƙi ne ƙirin, duk toka, ƙusoshi sun tsaya masa cirko-cirko.

"Kun gani!" in ji Saudatu. "Na yi ƙarya?"

Bawa ya sa awartaki ya murɗe ta ƙirjin ya cire. Saudatu ta zuba wa Hidaya ido.

"Kin ji sauƙi?"

"Gwaggo, don Allah."

Ya miƙa wa Konseye ƙusar da hannu biyu. Konseye ya juya ta, ya kai kusa da ido. Ɗan kasuwa ne, kayansa ba sa ɓace masa.

"Wannan ai 'yar silin ce. Ta shagona."

"Can nike saye, Baba. Da tsofaffin famfunan da kuke zubarwa."

"Kai ne mai kwashe mini su?" Gefen bakinsa ya motsa. Ya sa Bawa ya maimaita masa bayanin laka da kaki, ya yi tambaya irin ta mai gini, ya gyaɗa kai. Har ya juya ya ce wa ƙanwarsa, "Saudatu, boka da rasit ɗin shagona?" Maijidda ta yi dariya ta rufe baki da gefen zani. Na ji Hidaya ta sauke numfashi.

Da na bar abin nan haka, da an tashi lafiya. Amma ni ba na iya ganin abu da datti. Na ce a ba ni ruwa da soso.

"Kaka, bari sai na kai gida in goge," in ji Bawa.

"Ni na yi mata wankan farko, ni zan yi na biyu."

Na ɗora ta a cinya, da sauran ɗumi a jikinta. Na cuɗa fuskar, sai ga Hidaya ta fito, ja-ja kamar sabon kwabo. Ɗankwali ya zame hagu, kunne a waje. Ta waiwaya ta kan kafaɗa, hannu ɗaya riƙe da mayafi kamar mai gyara shi. Kowa ya matso. Ko Saudatu sai da ta ce tubarkalla ba da son ranta ba.

Na juya ta in wanke bayan. Babban yatsana ya riga idona ganewa.

Mayafin ba gyara shi take ba, sauke shi take. Daga kafaɗar hagu har zuwa haƙarƙari, ga tabon nan kwance a tagulla, da tattararsa, da inda ya rabu biyu a ƙasa. Tana 'yar shekara uku kaskon man ƙuli-ƙuli ya kife mata a baya. Ni na yi jinyar, na san kowane lungu na wannan tabo. Ba wanda ya san da shi sai mu na cikin gida. Ko kitso a ɗaki ake yi mata da riga a jiki. Da maganar aure ta taso, ubanta da uwarta suka yanke a yi shiru har a kai ta ɗakinta, in ya so miji ya gani lokacin da ba komawa.

Na kife tafin hannuna a kai. Na makara.

"Inna, mi kike rufewa?" Saudatu ta fizge. Ta duba, ta dubi Bawa, ta miƙa wa yayanta.

Konseye ya daɗe yana kallo. Muciyar Maijidda ta faɗi ƙasa.

"Wa ya ba ka labarin wannan?"

Bawa ya sunkuyar da kai.

"Yaya, wanga ba aikin labari ba ne," in ji Saudatu a hankali. "Dubi ƙasan. Sai wanda ya gani."

"Da kai nike magana!"

"Ni na nuna mishi, Baba."

Hidaya ce. Ta miƙe tsaye, ba ta yi kuka ba.

"A zaure, da rana tsaka, ƙofa a buɗe. Kaka na bakin ƙofa tana gyangyaɗi."

Ni ban san na taɓa gyangyaɗi a bakin aiki ba, amma ba lokacin musu ba ne.

"Kun ce in yi shiru sai an kai ni. Na kasa. Kullum ya ce mini kyakkyawa sai in ji kamar na yi mishi sata. Na sauke mayafi na ce ya duba, in zai tahi ya tahi tun yanzu. Bai tahi ba. Yau ma da ya tambaye ni, ni na ce ya kawo ta."

"Kin buɗe wa namiji jikinki a cikin gidana."

"Kafaɗa ce, Baba."

"Rufe mini baki!"

Bawa ya ɗago. "Baba, laifin nawa ne. Ni na..."

"Ban tambaye ka ba."

Konseye ya ajiye tagullar a kan tabarma, a hankali, fuskarta sama. Ya miƙe, ya shiga ɗaki, ya fito da babbar riga a kafaɗa da makullin mota. Ya tsaya a kan Bawa.

"Kabo na gida?"

"Yana gida, Baba."

To ku da ba 'yan garinmu ba, ku sani: uban da ya ji irin wannan magana ya nemi manyan yaro tun rana ba ta faɗi ba, abu biyu ne. Ko ya ce su zo su kwashi kayansu, ko ya ce a ɗaura aure jibi kafin Tibiri ta ji. Na leƙa fuskarsa in karanta, ni da na haife shi, ban ga komai ba.

"Konseye," na ce, "wanne za ka je yi?"

Bai waiwayo ba. Hidaya ta bi shi har zaure tana kiran Baba, Baba. Ya fita, ya jawo ƙyauren ƙarfen da ƙarfinsa duka, garam, a kan fuskarta.